Mu da Gadin Ƙofar Larabawa

Mu mutanen Rafin Guza akwai mu da bin yayi. An yi yayin acaɓa, kowa ya ci bashi ya sayi babur, har gwamnati ta zo ta sa masa takunkumi. An yi yayin Keke Napep. An yi na kiwon kaji da tarwaɗa, har ta kai wani gidan sai ka toshe hanci kafin ka yi sallama. Aka koma POS, kowane lungu da lema da ɗan teburi, masu jiran a zo cire kuɗi sun fi masu cirewar yawa. To yanzu abin da ake ciki shi ne fita waje aikin gadi. Daga nan har Kawo, ka bi ta Unguwar Dosa ka zagayo Hayin Banki, da wuya ka zauna a majalisar samari ka tashi ba a ambaci Katar ko Dubai ba. Wanda bai taɓa wuce Zariya ba ma yana da fasfo a ƙarƙashin katifa, kullum amsarsa ɗaya ce: "Kira nake jira."

Abin da yake ba ni dariya, ka samu ɗaya daga cikinsu ka ce masa wani Alhaji a Malali ko Unguwar Rimi yana neman mai gadi, ga ɗaki, ga abinci daga cikin gida. Kallon da zai yi maka sai ka raina kanka. "Haba Kawu, ni da diflomata? Me na yi maka?" Amma shi ɗin nan, in aka ce ga wata ƙofa a Doha tana neman mai tsayuwa, a daren zai sa a daka masa kuka da yaji na guzuri. Mu iyaye ma ba mu tsira ba. Mai gadin makarantar Islamiyya ya aiko neman aure gidanmu, sai a ce ai yarinya karatu za ta yi. Wanda ya turo hoto da baƙin wando da farar riga, ga dogon bene na gilashi a bayansa, shi ko gaisuwar iyaye bai kawo ba an fara ce masa surukin gida. Aikin fa ɗaya ne, jama'a: a buɗe, a rufe, a hana ido barci.

Ni dai ban ga abin kunya a gadi ba, don ba yau muka fara ba. Tun 1863 wani Bature, Kyaftin John Glover, ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su kaki da bindiga su tsare masa gari da hanyoyin fatake, kuma daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya suke ƙirga asalinsu har gobe. Da Turawa suka ga mutanen sun yi musu, sai suka riƙa ɗibarsu zuwa ƙasar da ake kira Gana yanzu, har Sarkin Beljiyam sai da aka ɗebar masa wasu zuwa Kwango. Kakanninmu da suka dawo daga yaƙin Boma bayan 1945, da yawansu a bakin ƙofar kantuna da bankuna suka ƙarasa ƙarfinsu, da lambobinsu a ƙirji. Wanda ya taɓa zama a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san in ka ƙwanƙwasa get ɗin mai kuɗi, sau da yawa da Hausa za a amsa maka. Haka abin yake a Akara da Kumasi kafin gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana a ƙarshen 1969.

Amma ku duba yadda na da suke tafiya. Mutum zai gama girbi, ya zuba gero a rumbu, ya ɗauki buta da tabarma da 'yar rediyonsa ya hau motar shanu. Ya sauka Sabo ko Agege, ya nemi mai masauki ɗan garinsu, kwana kaɗan an haɗa shi da wani gida. Kayan aikinsa tocila da usur da gora, in mai shiri ne har da kwari da baka da layu a damtse. Kafin wata uku ya kafa ɗan teburi a bakin get: alewa, ashana, sigari, maganin sauro, omo na ƙulli. Albashi yana ajiyewa, cinikin teburi yana ci. Damina ta kawo kai ya ce wa maigida ga ƙanena zai riƙe maka, shi ya dawo gona. Ba wanda yake binsa ko sisi. Ranar da maigida ya yi masa wulaƙanci kuwa, ya naɗe tabarmarsa ya koma gida na gaba, kafin magariba ya samu wani aikin. Wannan ikon naɗe tabarma shi ne abin da yaranmu na yanzu ba su da shi, kuma shi ne ban taɓa ji an sa a lissafi a majalisa ba.

Mu nan Kaduna har ɗaya gefen mun gani da idonmu. Bayan farin 1973 da 1974 da ya ƙarar da dabbobi a Nijar da Mali, Buzaye suka cika garin nan suna gadi, da rawani da takobi da 'yar butar shayi a kan gawayi. Yara suna tsokanarsu, manya suna cewa ai Buzu ba ya gajiya da zama, ba wanda ya tambaye su raƙuma nawa suka rasa kafin su zo su zauna a ƙofar wani. To yau mu ne Buzayen Doha, sai dai mu ko shayin ba a barin mu dafa a bakin aiki. Namu farin kuma ba na ruwan sama ba ne. Masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, iyaye suka dawo gida da hannu biyu. 'Ya'yansu suka taso suka yi karatu, suka tarar ba aiki, sai kuma aka saki naira a watan Yunin 2023 ta yi ta gangarawa.

Lissafin da yake ɗaukar hankalin yaran a teburin mai shayi ake yinsa, kuma ba ƙarya ba ne. Tun watan Maris na 2021 dokar Katar ta ce kada a biya ma'aikaci ƙasa da riyal 1,000 a wata. In kamfani bai ba shi makwanci ba ya ƙara masa 500, in bai ciyar da shi ba ya ƙara 300. Riyal ɗinsu kuma a ɗaure yake da dala, 3.64 ne dala ɗaya, shekara da shekaru ba ya motsi. Ka ga riyal 1,000 ya kusa dala 275 ke nan. Lokacin da dala take wajen naira 1,500, abin ya haura naira 400,000. A nan kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, mai gadin gida in ya samu rabin haka sai ya yi wa Alhaji addu'a har da jikokinsa. Yaro ya danna wannan a waya ya nuna maka, me za ka ce masa? Sai mai shayi, wanda shi ne akawun majalisa, ya ɗora: "Wata shida ka sayi fili, shekara ka kai linta, shekara biyu ka dawo ka yi aure da motarka." A lissafin mai shayi ba a rashin lafiya, ba a sayen kati, ba a biyan bashi, mutum kuma ba shi da dangi.

Daga nan sai ejan. Kowace unguwa da nata, mu ma Allah bai hana mu ba. Za ka gan shi da farar shadda da turare mai hawa kai, waya biyu a hannu, ofishinsa kuwa rabi a wani shago ne rabi a cikin mota. Ba ya taɓa zuwa maka da sanyin jiki. "Biza ta fito, mutum uku ake nema, biyu sun biya. Don Baba ne ma na riƙe maka, in ba haka ba gobe an rufe." Sai a fara: kuɗin fom, kuɗin gwajin asibiti, kuɗin tikiti, kuɗin "mutanenmu na can". Fasfo kansa tun Satumbar 2025 naira 100,000 ne ƙaramin. Kafin ka ankara magana ta shiga miliyoyi, a gidan da ake auna shinkafa da gwangwani.

Na zauna a irin zaman da ake yi a tsakar gida don haɗa waɗannan kuɗin. Uba yana kan kujera ya yi tagumi, yayyen yaro suna tsaye, shi gogan yana gefe yana latsa waya kamar ba a kansa ake yi ba. Aka lissafa Keken babban wa, aka lissafa kwasar adashin matarsa, aka lissafa filin gado na gefen rafi wanda da ma duk damina ruwa yake ci, duk da haka da saura. Sai uwar ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙullin tsumma, ta kwance a hankali. 'Yan kunne ne na gwal da sarƙa, tun na aurenta. Ta ajiye a gaban mijin ta ce, "Malam, a haɗa da wannan. In ya je ai zai saya min wanda ya fi shi." Kowa ya ce Allah ya yi albarka. Ba wanda ya ce a kawo takardar aikin a karanta.

Alhali in da an karanta, da an ji abubuwa. A dokar Katar da ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mai ɗaukar aiki shi ne yake biyan kuɗin kawo ma'aikaci, haramun ne a ɗora wa wanda za a ɗauka. Haramun ne kuma kamfani ya riƙe maka fasfo. In na faɗi haka a majalisa sai yara su yi dariya su ce, "Kawu, ai wannan a takarda take." Gaskiyarsu, sau da yawa a takardar take tsayawa. Amma ko ba komai ya kamata ka san cewa wanda ya karɓi miliyoyinka da taka doka ya fara hulɗa da kai. Wani kuma bizar ziyara ta Dubai zai yi maka ya ce in ka sauka za a juya ta. Ka sauka ba mai tarbarka, wayarsa a kashe, biza ta ƙare, tara ta fara hawa dirhami 50 kowace rana. Daga Oktoban 2022 har zuwa Yulin 2024 Daular ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza, amma duk tsawon lokacin nan akwai masu karɓar kuɗin Dubai, akwai kuma masu bayarwa. Ko ka shiga lafiya, a Dubai ba a sa maka kakin gadi sai ka yi horo ka ci jarrabawar hukumar SIRA ta ba ka lasisi, da Turanci ake yi, ba da "ai Allah zai rufa asiri" ba. Mai ce maka zai kai ka gadi Makka ka riƙa sallah a Harami kuwa, ka tambaye shi da kyau, don a Saudiyya aikin kamfanonin tsaro na 'yan ƙasa ne. Kai baƙo abin da zai iya samunka shi ne tsaron wani gini ko gona, in ba ka yi sa'a ba ka tsinci kanka bayan raƙuma a sahara.

Akwai wani yaro a layinmu, ɗan aminina, da ya gama kwantiraginsa ya dawo. Ranar da ya sauka gidan ya cika, ana ta shiga ana fita, ana karɓar dabino da carbi da turare. Sai da ƙafa ta ɗauke bayan isha'i ya cire safa ya miƙa wa ubansa ƙafafunsa. Jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a ƙwaurinsa, diddige ya yi kanta, farcen babban yatsa ya yi baƙi saboda takalmi. Ya ce, "Baba, ƙarfe huɗu ake tashi, don banɗaki layi ne. Biyar motar kamfani ta zo, in ta tafi ta bar ka an yanke maka kuɗin yini. Shida ka karɓi aiki, sai shida na yamma. Ba kujera. In ka jingina da bango kyamara tana kallonka. In ka duba waya mai zagaye ya ɗauki hotonka, ƙarshen wata ka ga an zare. Sallah ma sai na roƙi ɗan Nepal ɗin da ke ƙofar baya ya riƙa leƙa min tawa." Ɗakinsu gadaje ne masu hawa biyu, kowa ya kewaye nasa da zanin gado, nan ne ɗakinsa nan ne falonsa. Ga ɗan Kenya, ga ɗan Yuganda, ga ɗan Indiya, wani yana dawowa daga aikin dare wani yana fita, fitila ba ta mutuwa. Abinci shinkafa da miyar wake irin ta Indiyawa, yau ita gobe ita.

Uban ya ce, "To wannan hoton fa da ka turo mana, na gaban dogon benen nan?" Yaron ya yi dariya. Ashe ranar hutu ya shiga mota ya yi tafiya mai nisa zuwa cikin gari don kawai ya ɗauko shi. Inda yake aiki filin ajiye motoci ne a bayan gari, ba abin da ke bayansa sai katanga da rairayi. Motar da ya jingina da ita kuma har yau bai san mai ita ba.

Kada wani ya ce yaron ne rago. A Afrilun 2022 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto bayan ta zanta da masu gadi 34 na kamfanoni 8 a Katar. Yawancinsu awa 12 suke yi kullum, wasu sun yi watanni, wasu har shekaru, ba hutun yini ɗaya, alhali dokar ƙasar ta ce a ba da hutu kowane mako. Akwai dokar da ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba, saboda zafin can ba irin namu na bazara ba ne, amma ba kullum take isa wurin mai tsaron ƙofa ba. Wani mai gadi ɗan Kenya, Malcolm Bidali, ya riƙa rubuta halin da suke ciki da sunan aro. A Mayun 2021 aka kama shi, aka tsare, aka ci shi tarar riyal 25,000 kafin ya bar ƙasar. A Disambar 2022 kuma, lokacin da muke cika gidajen kallo muna ihun Messi, wani ɗan Kenyan, John Njau Kibue, mai shekara 24, ya faɗo daga sama a filin wasa na Lusail yana bakin gadi, kwana kaɗan ya cika.

Wannan ma duk aiki ne, ana yi ana biya. Akwai wanda ya fi shi muni, kuma da sunan gadi ake shiga. A farkon 2020 iyaye suka yi cincirindo a ƙofar ofishin jakadancin Daular Larabawa a Khartum, saboda wani kamfani mai suna Black Shield ya ɗebi ɗaruruwan samarin Sudan da cewa gadi za su yi a Daular, sai aka ba su horon soja aka sauke wasunsu a Ras Lanuf cikin Libiya, ana tsakiyar yaƙi, su tsare wuraren mai. A Nuwambar 2025 gwamnatin Afirka ta Kudu ta ce 'yan ƙasarta 17 sun kira suna neman ceto daga yankin Donbas, inda Rasha da Yukren suke gwabzawa, bayan an ja su da alkawarin aiki mai tsoka. Saboda haka in ejan ya ce maka albashin ya ninka na Katar sau uku, kuma ba a buƙatar Turanci, ana dai son mai ƙarfi wanda ba ya tsoro, ka ce masa ya tura ƙanensa.

Na Ingila su wani aji ne daban, ba su cika yawa a layinmu ba. Masu karatun digiri na biyu ne, an ba su izinin aikin awa 20 a mako, sun yi lasisin gadi na SIA suna tsayuwa a ƙofar kanti cikin sanyi. Su hotonsu da dusar ƙanƙara yake zuwa, mu ce Masha Allah, yaro yana ta karatu.

Yanzu bari mu zo kanmu, mu da muka rage a gida, don a nan gizo yake saƙa. Yaro bai yi wata biyu da tafiya ba mun sauya masa suna, ya koma Alhajin Dubai, ko da a Doha yake, ko da bai taɓa ganin Ka'aba ba sai a kalanda. Albashi bai shiga ba saƙo ya riga shi. Ƙanwa ta ce Yaya kuɗin makaranta. Gwaggo za a yi mata aikin ido. Matar Kawu ta haihu, ga rago ya yi tsada. Abokan majalisa su ce a taɓa mu mana, ko an manta da mu ne. Kwamitin masallaci zai sa sola, sunansa ne na farko a takarda, sama da na masu shaguna a Kasuwar Kawo. Wanda ya ba da bashin tafiya shi ma yana zuwa gaisuwa duk ƙarshen wata, gaisuwar da kowa ya san ma'anarta. In yaron ya ce wannan watan an yanke masa, sai a ajiye waya a ce, "Ka ji fa, ya fara canzawa. Kuɗi ba su da kirki."

Gini kuwa ba a magana. Yana turo kuɗin bulo, babban wa yana karɓa. Ya turo na siminti, ya turo na rodi, ya turo na kwano. In ya ce a ɗauko masa hoto ya ga inda aka kai, sai a je kangon maƙwabci a tsaya a gaba a ɗauka a tura masa. Ka ga an yi canjaras ke nan: shi yana turo mana benen da ba nan yake aiki ba, mu muna tura masa ginin da ba nasa ba, kowa yana cewa alhamdu lillahi. Ranar da ya dawo ya ce a kai shi gidansa, sai a fara "ai ka san yanayin ƙasar", a tara dattawa su ba shi haƙuri, a ce zumunci ya fi kuɗi. Shi kaɗai ake karanta wa wannan karatun, wanda ya ci kuɗin ba a karanta masa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ranar da yaro zai kira ya ce ya gaji, gida yake so. Nan za ka ji murya ɗaya daga uwa har uba har limamin layi: "Ka yi haƙuri, namiji ne kai. Ka dawo ka yi me? Ga bashin Alhaji ba a gama ba, ga bikin ƙanwarka ya matso." Katar ta soke takardar izinin fita ƙasa ga yawancin ma'aikata, a 2020 kuma ta ce ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki ba sai da yardar uban gidansa ba. Wato Balarabe ya ɗan sassauta tasa igiyar. Tamu ta nan gida ce ba wanda ya sassauta. Shi ya sa wanda abin bai yi masa kyau ba, aka tsare shi aka sako shi a jirgi da 'yar jakarsa, sai ya maƙale a Kano ko Abuja wurin aboki ya yi watanni, in zai shigo unguwa ma sai dare ya raba. Ya san abin da za mu ce: ai da ma shashanci ya je yi, ga ɗan gidan wane da suka tafi tare har ya kai uwarsa Umara.

Kuma gaskiya ne, akwai ɗan gidan wane. Kada a ce na zo ɓata wa mutane hanyar abinci. Akwai waɗanda suka tafi suka dawo da abin kirki, muna shiga gidajensu muna shan ruwan sanyi. Amma in ka bi diddigi za ka tarar yawanci ta hannun kamfani mai lasisi suka bi, sun san albashinsu da awoyinsu tun kafin su hau jirgi, ba su tafi da bashin da ya fi ƙarfin shekararsu ta farko ba. Can ma ba su tsaya a ƙofa ba, wani ya koyi aikin ɗakin kyamarori, wani ya yi lasisin tuƙi. Kuɗinsu kuma asusunsu yake shiga, ko hannun matar da ta san zafinsu, wadda za ta tsaya a kan magini da kanta ta ƙirga bulo ɗaya bayan ɗaya, dangin miji suna ce mata mai baƙin hali tana ci gaba da ƙirgawa.

Duk wannan fa muna yi ne layinmu ba mai tsaro. Gwamnatin jiha ta ɗauki 'yan sintirin KADVS 7,000 a 2023, amma lungunanmu har yau dattijon nan ne mai gora da tocila yake zagaya su, shi da yara biyu da usur, cikin sauro da ruwan sama, ga 'yan shara, ga masu ƙwacen waya, ga ɓarayin batirin sola. Kuɗin da aka yanka wa kowane gida a wata bai kai na katin da muke kiran Doha da shi ba. Amma in mai karɓa ya yi sallama sai a turo yaro ya ce wai ba ya nan, ga takalmin maigida a bakin ƙofa. Mutumin da ɗansa yake tsaye awa 12 a ƙofar Balarabe, yana kuka ana yanke masa albashi, shi ne yake yanke wa mai gadin layinsu nasa, in an yi sata kuma shi ne farkon cewa barci suke yi.

To wanda ɗansa yake shirin tafiya, kafin ya kira dillalin fili, ga Sakatariyar Tarayya nan a Kawo, kuɗin Keke ne kawai. Ya je ya nemi ma'aikatan ƙwadago ya tambaya ko ejan ɗin yana da lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje. Ya sa a karanta masa kwantiragin a fassara masa da Hausa, ya ji sunan kamfani da albashi da awoyi da wanda zai biya tikitin dawowa, ya kuma tabbata bizar aiki ce ba ta ziyara ba. Wanda nasa ya riga ya tafi, in ya kira ranar Juma'a a tambaye shi ƙafarsa kafin a karanto masa lissafi. Kuɗin sintiri kuma, Alhaji, na watan jiya ma ba ka biya ba, mai karɓa zai zagayo ranar Asabar.